Dila da Janar: abin da ke hana mai kallo numfashi a finafinan kisan shugabanni

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san maganar da ake kwantar wa yaro hankali da ita idan bos ya ritsa akta a lungu: "Kai, saki jikinka, akta ba ya mutuwa." Yaron ma ya san haka, ya gani ya fi sau ɗari, amma ba ya hana shi ƙanƙame benci har sai an wuce wurin. Na daɗe ina juya wannan abu a raina, domin a nan ne asirin wani rukuni na tsofaffin finafinan Turawa yake kwance, wato waɗanda aka gina a kan yunƙurin kashe shugaban ƙasa ko wani babban ɗan siyasa. Mutane da yawa sun ɗauka rashin sanin ƙarshen labari ne ke kawo fargaba. Fim ɗin da a ganina ya fi kowanne ƙwarewa a wannan fanni ya rushe wannan zato tun kafin a kashe fitilun silima.

The Day of the Jackal ne, wanda Fred Zinnemann ya ba da umarni, ya fito a 1973. Labarin wani maharbi ne da aka ɗauko haya ya kashe Janar Charles de Gaulle, shugaban Faransa, a 1963. To amma de Gaulle a gidansa na ƙauyen Colombey ya cika, a watan Nuwamba na 1970, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 80, ba harsashi ba wuƙa. Ke nan duk wanda ya sayi tikiti a 1973 ya shiga ne da sanin cewa maharbin nan ba zai yi nasara ba. Duk da haka mutane suka zauna sama da awa biyu zuciya na dukan uku-uku. Haka yake har yau ga wanda ya kunna shi a waya.

Tushen labarin gaskiya ne. Da de Gaulle ya amince Aljeriya ta samu 'yancin kai a 1962, bayan yaƙin kusan shekara takwas, wasu hafsoshin soja da Turawan da suka zauna a Aljeriya suka ɗauke shi a matsayin maci amana. Ƙungiyarsu ta ɓoye, OAS, ta sha alwashin ganin bayansa. Ranar 22 ga Agusta 1962, a unguwar Petit-Clamart da ke bayan birnin Faris, suka yi wa motarsa ƙirar Citroën DS kwanton ɓauna, shi da matarsa suna ciki. Aka yi ruwan harsasai, tayoyi suka fashe, direba ya ƙi tsayawa, Janar ya fita ko ƙwarzane babu. Jagoran harin, Laftanar Kanar Jean Bastien-Thiry, an harbe shi a watan Maris na 1963. Da wannan fim ɗin ya buɗe, kamar labaran majigi. Daga nan ne marubucin littafin da aka ɗauko labarin, Frederick Forsyth, ya ɗora ƙagaggen zance a kan na gaske: tunda 'yan leƙen asirin gwamnati sun cika cikin OAS, me zai faru idan suka ɗauko baƙo daga waje wanda ba ya cikin fayil ɗin kowa? Forsyth ɗan jarida ne, ya yi wa kamfanin dillancin labarai na Reuters aiki a Faris a daidai wannan lokaci, kuma shi ne wanda daga baya ya zo ɗaukar rahoton yaƙin basasar Najeriya, ya tsaya a ɓangaren Biyafara har ya rubuta littafi a kai. Idon ɗan jarida da ke son sanin yadda ake yin kowane abu dalla-dalla shi ne jarin labarin nan kaf.

Baƙon ya zaɓa wa kansa laƙabin Jackal, wato dila, dabbar da mu ma muke wa kirari da malamin daji. Ya nemi dala 500,000, rabi kafin aiki rabi bayan aiki, domin wanda ya yi irin wannan aiki ba zai sake yin wani ba har abada. Zinnemann ya ƙi ɗauko fitaccen tauraro, ya ba Edward Fox, wanda a lokacin ba kowa ya san fuskarsa ba, don ya zama mutumin da zai iya ɓacewa cikin taro. Ba a gaya mana sunansa na gaskiya, ba a nuna mana uwarsa ko ƙuruciyarsa, ba shi da wata aƙida. Abin da kawai aka ba mu shi ne aikinsa.

Kuma aikin ne ke riƙe mutum. Muna biye da shi yana zagaya maƙabarta a Ingila yana karanta duwatsun kaburbura, har ya samu na wani yaro da ya mutu yana ƙarami, wanda da ya rayu da sa'ansa ne. Ya je ya karɓi kwafin takardar haihuwar yaron, ya nemi fasfo da ita, aka ba shi. Wannan ɓaraka ce ta gaske a tsarin fasfo na Birtaniya a wancan zamani. Muna biye da shi zuwa Italiya wurin wani dattijon maƙerin bindiga, suna magana a natse kamar tela da mai kawo ɗinki: tsawon kaza, nauyi kaza, a iya kwance ta gunduwa-gunduwa ta shige cikin siraran bututun ƙarfe. Ba a gaya mana dalilin bututun ba. An bar mana shi a ƙwaƙwalwa kamar bashi, sai can ƙarshe za a biya.

Sai wurin kankana, wanda duk wanda ya ga fim ɗin ba ya mantawa. Ya shiga daji shi kaɗai, ya rataya kankana a reshen bishiya, ya ja da baya ya auna tazara. Ya harba, ya duba inda harsashi ya shiga, ya ɗauko ɗan ƙaramin sukudireba ya murɗa madubin saiti kaɗan. Ya sake harbawa, ya sake murɗawa. Babu kiɗa, babu magana, sai iska da ƙaramar ƙarar bindiga mai abin rage sauti. Da saiti ya zauna, sai ya sa wani harsashi na daban, mai fashewa. Kankana ta tarwatse, jan cikinta ya watsu. Ba a zubar da jinin kowa ba a wurin nan, amma daga wannan lokaci duk sa'ad da aka nuno dogon Janar ɗin da hularsa ta soja, kankanar nan kake gani.

Fitaccen mai ba da umarnin fim Alfred Hitchcock ya bayyana wannan dabara a hirarsa da takwaransa François Truffaut da misalin da ya shahara. Mutum biyu na zaune suna hira, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu: mai kallo ya firgita na daƙiƙa 15, shi ke nan. Amma a nuna wa mai kallo bam ɗin tun farko, a gaya masa ƙarfe nawa zai tashi, a rataya agogo a bango, sai hirar banza da suke yi ta zama azaba ta minti 15, mai kallo kamar ya shiga allon ya ce musu su tashi. Ma'ana, ilimin da aka ba ka aka hana mutanen cikin fim shi ke cin ka. Hitchcock ya gwada haka a The Man Who Knew Too Much na 1956. An riga an sanar da mu cewa za a harbi wani firaminista a zauren kiɗa na Royal Albert Hall da ke Landan, a daidai lokacin da za a gwara manyan faya-fayan tagulla guda biyu, don ƙararsu ta rufe ƙarar bindiga. Har an sa mana kiɗan a faifai mun ji inda wurin yake. Sai aka shafe kusan minti 12 ba a jin maganar kowa, kyamara na kai-komo tsakanin mai faya-fayan da ke zaune yana jiran lokacinsa, da bakin bindiga da ke leƙowa daga bayan labule, da matar da ta san abin da zai faru amma an sace ɗanta, idan ta yi magana ransa na cikin haɗari. Kiɗan kansa ya koma agogo.

Zinnemann ya san darajar agogo tun a High Noon na 1952, kuma ya cika labarin Dila da su: na bango, na tashar jirgi, na hannu. Sannan ya raba fim ɗin gida biyu yana yanka tsakaninsu. A ɗaya gefen akwai Claude Lebel, jami'in binciken da aka ɗora wa nauyin gano mutumin da ba a san suna ko fuska ko ƙasarsa ba. Michael Lonsdale ya fito da shi a matsayin mutum mai sanyin jiki, wanda aka kirawo daga wurin tantabarunsa zuwa gaban ministoci. Ba ya gudu, ba ya dambe. Aikinsa buga waya ne ga takwarorinsa na ƙasashen waje cikin dare, da sa mutane su bi takardun neman fasfo ɗaya bayan ɗaya, da tattara katunan da baƙi ke cikewa a otal-otal. A kan gadon tafi-da-gidanka yake kwana a ofis. Kullum yana baya da taki ɗaya: kafin ya samu sunan bogin, Dila ya tsallaka iyaka, kafin ya gano otal, ya bar shi, kafin ya gano mota, an sake mata fenti. Kuma mu masu kallo mun san abin da Lebel bai sani ba, cewa duk abin da ya faɗa a taron sirri na manya yana isa kunnen Dila a daren, ta bakin wani babban jami'i da OAS ta tura wa mace. Bam ɗin Hitchcock ke nan a ƙarƙashin teburin majalisar tsaro.

Akwai wani abu da ya dame ni a karon farko da na kalli fim ɗin, kuma har yanzu bai daina damuna ba. A wurin da jami'an kan iyaka suka tsayar da Dila suna zazzage kayansa, na kama kaina ina fatan kada su gano komai. Ina fatan makashi ya tsira. Da na bincika zuciyata sai na ga ba ƙin de Gaulle ba ne, ba kuma son mutumin ba. Ɗan Adam yana da rauni a gaban gwani. Yadda za ka tsaya a bakin maƙera ko gaban mai ɗinkin hula ka manta da inda za ka, haka ido ke bin hannun da ya iya aikinsa, kuma idan ka ga an faro abu da tsari sai ranka ya so ganin an kammala. Fim ɗin ya san da wannan rauni, ya yi amfani da shi, sannan ya sa ka biya. Matar da ta ba shi masauki ta amince da shi, ya kashe ta a kan gadonta cikin shiru, da natsuwar da ya murɗa sukudireba. Haka ya yi wa mutumin da ya kai shi gidansa a Faris. Daga nan mai kallo ya rabu biyu, rabinsa na son a kama shi, rabinsa na son ganin yadda bututun nan za su yi aiki. Wannan jayayya ta cikin ƙirji ta fi kowace tseren mota gajiyar da mutum.

Abin da ya rage shi ne rana da wuri, kuma halin wanda ake farauta ne ya ba da su. De Gaulle ya ƙi sauya ko abu ɗaya a tsarin fitarsa, ya ce a yi binciken a asirce, ba zai ɓuya don wani ɗan haya ba. Lebel ya gane cewa akwai rana guda da Janar ba zai taɓa ƙin fitowa fili ba: 25 ga Agusta, ranar tunawa da ƙwato Faris daga hannun Jamus a 1944. Shugaba dole ya fito a gan shi, mai kisa kuwa wannan fitowar kaɗai yake buƙata. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, Janar Murtala Muhammed yana cikin baƙar Marsandi a cunkoson motocin Legas, kan hanyar da ya saba bi zuwa ofis, ba jerin gwanon masu tsaro, aka buɗe masa wuta. Motar na nan a gidan tarihi na ƙasa a Legas da hudojin harsasai a jikinta. Wanda ya tashi yana jin wannan labari a bakin iyayensa, da wani ido yake kallon taurin kan de Gaulle.

A ranar, wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya, fuska a koɗe, lambobin yabo a ƙirji, ya dogara sanda ya zo shingen 'yan sanda, ya ce gidansa na can ciki. Wani saurayin ɗan sanda ya tausaya ya bar shi ya wuce. A ɗakin sama ya kwance ƙafar da ya naɗe, ya warware sandar, sai ga bututun nan. Ya saita kan Janar, ya danna kunama. A daidai wannan ƙiftawa de Gaulle ya sunkuya don ya sumbaci kumatun wani tsohon soja da yake maƙala wa lambar yabo, kamar yadda Faransawa ke yi. Harsashi ya wuce. Mutumin da ya lissafa komai, takardun bogi da harsashi da tazara da taga, al'adar mutanen ƙasar ce kaɗai bai sa a lissafi ba, domin shi baƙo ne, kuma baƙuntar nan ce dalilin da ya sa aka ɗauko shi tun farko. Kafin ya sake harbin Janar, Lebel ya banko ƙofa.

A wannan fim hukuma tana aiki. Tana da jinkiri, tana da masu sakin baki, har azabtar da wanda ta kama take yi, amma a ƙarshe ta tsare shugabanta. Finafinan Amurka na wancan zamani ba su da wannan natsuwa, kuma fargabarsu daga wata rijiya take fitowa. The Manchurian Candidate na John Frankenheimer ya fito a watan Oktoba na 1962. Sojan Amurka ne, Raymond Shaw, da aka kama a yaƙin Koriya aka wanke masa ƙwaƙwalwa, ya dawo gida da lambar jarumta bai san shi makami ba ne. Da zarar ya ga katin sarauniya mai alamar jan lu'u-lu'u a karta, duk umarnin da aka ba shi zai aikata, ya kuma manta. Mai riƙe da linzaminsa uwar da ta haife shi ce, wadda Angela Lansbury ta fito a matsayinta ko da yake shekara uku kacal ta ba Laurence Harvey mai fitowa a ɗan nata. A nan tausayin maharbin kake ji, kana tsoronsa kuma, domin bam ɗin da ke ƙarƙashin tebur mutum ne mai rai. Bayan wata 13 da fitowarsa aka harbe John Kennedy a Dallas daga tagar bene, ranar 22 ga Nuwamba 1963.

Kwamitin Warren, wanda gwamnati ta kafa don binciken kisan, ya ce mutum ɗaya ne ya aikata, shi kaɗai. A 1968 aka kashe Martin Luther King a watan Afrilu, aka kashe Robert Kennedy a watan Yuni, kowanne aka ce mutum ɗaya ne. Amurkawa da yawa ba su gamsu ba, kuma daga wannan rashin gamsuwa Alan Pakula ya yi The Parallax View a 1974. An kashe sanata a saman hasumiyar Space Needle ta Seattle, kwamiti ya zauna ya ce aikin mutum ɗaya ne, sai shaidu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan jaridar da Warren Beatty ya fito a matsayinsa ya gano wani kamfani da ke ɗaukar masu kisa aiki, ya kutsa ciki da sunan bogi yana ganin shi ke farautarsu. Mai ɗaukar hoto Gordon Willis yakan ajiye kyamara nesa, mutum ya zama ɗan ƙanƙani a cikin makeken gini, rabin allon duhu. Sannu a hankali mai kallo ke fahimtar abin da jarumin bai fahimta ba: wanda za a ɗora wa laifi suke nema, kuma shi ne. Ya ruga zuwa ƙofa mai haske, bindiga na jiransa a bakinta. Kwamiti ya sake zama ya ce aikin mutum ɗaya ne. A nan dai akta ya mutu, kuma sunansa ya ɓaci tare da shi.

Wanda ya fi taɓa ni cikinsu duka shi ne Z na Costa-Gavras, 1969, domin shi ba ƙage ba ne, kuma a farkonsa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk kamannin da aka gani da mutanen gaske da gangan aka yi. A watan Mayu na 1963, a birnin Tasalonika na Girka, wasu mutum biyu a kan babur mai ƙafa uku suka bi ta kan ɗan majalisa Grigoris Lambrakis, likita mai fafutukar zaman lafiya, aka buge shi da kulki a ka, 'yan sanda na tsaye suna kallo. Ya rasu bayan kwana biyar. Hukuma ta ce hatsarin hanya ne. A fim ɗin kisan yana faruwa tun da wuri, don haka babu batun ko za a tsare shi. Mun ga kulkin da idonmu. Zullumin ya koma kan wani matashin alƙalin bincike mai baƙin tabarau, wanda Jean-Louis Trintignant ya fito a matsayinsa, mutumin da ba ɗan adawa ba ne, ba ya ma son siyasa. Yana tambaya, yana rubutawa, yana lura da yadda shaidu daban-daban ke maimaita jimla iri ɗaya kamar an yi musu hadda. Duk lokacin da ya gyara wa wani kalma ya ce "hatsari" za a ce, kana jiran ranar da bakinsa da kansa zai furta "kisa". Da ranar ta zo, ya fara kiran manyan hafsoshi ɗaya bayan ɗaya yana tuhumarsu, ƙirjinsu cike da lambobi.

Ba a iya ɗaukar fim ɗin a Girka ba, domin sojoji sun ƙwace mulki a 1967. A Aljeriya aka ɗauke shi, ƙasar da 'yancinta ya jawo wa de Gaulle ruwan harsasai, kuma da sunanta ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin harshen waje. Mikis Theodorakis, wanda kiɗansa ke cikin fim ɗin, yana tsare a hannun sojojin a lokacin. Mintunan ƙarshe suna ƙwace duk farin cikin da aka ba ka: an yi juyin mulki, shaidu sun mutu, hafsoshin sun kuɓuta, an cire alƙalin, sai jerin abubuwan da sojoji suka haramta ke wucewa a allo, har da harafin Z, wanda magoya bayan Lambrakis ke rubutawa a bango da ma'anar "yana raye".

Alƙalin na gaske sunansa Christos Sartzetakis. Sojoji sun kore shi daga aiki, sun kama shi, sun azabtar da shi a kurkuku. Mulkinsu ya faɗi a 1974, aka mai da shi bakin aikinsa, Girkawa kuma suka samu damar kallon fim ɗin a silimominsu. A 1985 majalisar dokokin ƙasar ta zaɓe shi shugaban ƙasa, ya riƙe kujerar har 1990.